Da wane suna za ka kira mutum?

 

Akwai wata kalma da dukanmu muka sani, ita ce boyi. Boyi shi ne mai aikin gida, mai shara da wanki da guga a gidan Bature ko gidan babban ma'aikaci. Kalmar nan ba a Hausa aka haife ta ba. Daga Ingilishi ta zo, harshen mutanen Ingila da Amurka, wanda ake koyarwa a makarantun Najeriya da Gana. Faransawa ma daga can suka aro ta. A Ingilishi ma'anarta yaro, ɗan yaro wanda bai isa aure ba.

A ajinmu na karatun manya akwai wani dattijo. Ya yi shekara 30 yana dafa abinci a gidajen Turawa a Yamai. Wata rana muna kan harafin b, kowa yana kawo kalma. Wannan ya ce baba, wancan ya ce buta, wani ya ce boyi. Na rubuta a allo, na gaya musu asalin kalmar. Dattijon nan ya yi shiru. Da aka tashi sai ya tsaya, ya ce mini: "Malam, ashe duk shekarun nan yaro ake ce mini? Da furfurata, da jikokina?" Na rasa abin da zan ce masa.

Tun ran nan nake ta tunani. Shin kalma tana da nauyi, ko kuwa iska ce kawai? In tana da nauyi, yaya mutum zai zaɓi wadda ta dace? Masu magana da Ingilishi sun yi fiye da shekara 100 suna wannan gardama, har yau ba su gama ba. Bari in ba ka labarinsu, ka auna da hankalinka.

Matar da ta ƙi amsawa

A Amurka an hana bauta a shekarar 1865. Amma a kudancin ƙasar, raini bai tafi tare da bautar ba. Baƙar fata da farar fata ba su shiga makaranta ɗaya, ba su zama kujera ɗaya a mota. Har a baki ma akwai bambanci. In za a kira farar fata, sai a sa masa kalmar girma a gaban sunan gidansu: Mista ga namiji, Mis ga budurwa, Misis ga matar aure. In baƙar fata ne, sai a kira sunansa tsirara, ko a ce masa boyi, ko da ya haifi mai kiran.

Kai da ka tashi cikin Hausawa ka san abin da wannan ke nufi. A wajenmu yaro ba ya kiran dattijo da sunansa gatsau. Sai ya ce Baba, ko Malam, ko Alhaji. Uwa ma tana jin kunyar sunan ɗanta na fari. Wanda ya kira babba da sunansa tsirara a gaban jama'a, kowa ya san da gangan ya yi.

A watan Yuni na shekarar 1963, a garin Gadsden cikin jihar Alabama, an kai wata mata baƙar fata gaban alƙali. Sunanta Mary Hamilton. Ta taɓa aikin koyarwa, sa'an nan ta shiga cikin masu neman a daidaita haƙƙin baƙi da na farare. An kama ta ne wajen zanga-zanga. Da lauyan gwamnati ya tashi yi mata tambaya, sai ya kira ta Mary kawai. Ta ce sunanta Mis Hamilton, ba za ta amsa ba sai an kira ta yadda ya kamata. Ya sake kiran ta Mary. Ta sake ƙi. Alƙali ya ce ta raina kotu. Ya yanke mata kwana 5 a gidan kaso da tarar dala 50, dalar Amurka, ba irin tamu ta kasuwa ba.

Ta yi kwanakinta 5. Amma ba ta bar maganar ba. Babbar kotun jihar ta goyi bayan alƙali. Aka ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli ta ƙasa. Ran 30 ga watan Maris 1964 kotun ƙoli ta soke hukuncin.

To, ɗan uwa, dubi wannan. Kalmar Mis ba ta cika tukunya. Amma matar nan ta yarda ta kwana a kaso dominta. Lauyan nan kuma ya ƙi faɗinta, ga ta kuwa guntuwa, ba ta da wuyar faɗi. Da kalmar iska ce, da ba wanda zai tsaya a kanta. Dukansu biyu sun san abin da ke cikinta. Wanda aka hana wa kalmar girma a kotu, shaidarsa ma ba za ta yi nauyi ba.

Masu kwasar shara na Memfis

Ga labari na biyu. A birnin Memfis, cikin jihar Tenesi, baƙar fata ne ke kwashe sharar gari. Albashinsu kaɗan ne, motocin kuma sun tsufa. Ran 1 ga watan Fabrairu 1968 ana ruwan sama, ma'aikata biyu suka fake a bayan motar shara. Injin da ke danne sharar ya tashi, ya murƙushe su. Sunayensu Echol Cole da Robert Walker.

Ran 12 ga watan, ma'aikata wajen 1,300 suka shiga yajin aiki. Suna neman ƙarin albashi, da kayan aiki masu lafiya, da a yarda da ƙungiyarsu. Amma da suka fito kan titi, abin da ke rubuce a allunan da suka ɗauka kalmomi huɗu ne na Ingilishi. Ma'anarsu: ni mutum ne, namiji baligi. Amsa ce ga duk wanda ya taɓa ce musu boyi.

Me ya sa suka zaɓi wannan magana, alhali yunwa ce ta fito da su? Domin sun gane sunan da albashin igiya ɗaya ta ɗaure su. Yaro ba a shawara da shi. Yaro abin da aka ba shi yake karɓa. Muddin ana ganin su yara, ba wanda zai zauna da su a yi ciniki. Martin Luther King, jagoran baƙar fata, ya zo Memfis domin ya taimake su, a nan aka harbe shi ran 4 ga watan Afrilu. Ran 16 ga Afrilu hukumar birnin ta yarda da ƙungiyar, ta yi ɗan ƙarin albashi.

Babban harafi da ƙaramin harafi

A aji mun koyi cewa sunan mutum da sunan gari da babban harafi ake fara su. Muna rubuta Maraɗi, Tawa, Damagaram da babban harafi. Sunan tunkiya da na buta kuwa da ƙarami. Ka san an taɓa yin gwagwarmaya a kan wannan?

A farkon ƙarni na 20, kalmar da baƙar fatar Amurka masu ilimi suka fi so a kira su da ita ita ce "Negro". Daga harsunan Sifen da Fotugal ta zo, ma'anarta baƙi. Jaridu suna rubuta sunan kowace al'umma da babban harafi, amma wannan sai su rubuta ta da ƙarami. Wani malami mai suna Du Bois, wanda daga baya ya koma Gana ya rasu a Ankara a 1963, shi da abokansa suka yi ta aika wa jaridu wasiƙu a kan haka. A watan Maris na 1930 babbar jaridar New York Times ta yarda, ta fara sa babban harafi.

Amma kalma ba ta zama wuri ɗaya. Kafin "Negro" akwai "colored", wato mai launi. An daɗe ana ganin ta kalmar ladabi. Babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙi, NAACP, wadda aka kafa a 1909, har yanzu tana ɗauke da ita cikin sunanta. Sai dai ita ce kalmar da ake rubutawa a ƙofar makewayi da wurin shan ruwa domin a raba mutane. Saboda haka ta ɗauki warin wariya, mutane suka guje ta.

Daga shekarar 1966 samari suka fara cewa "Negro" ma ba su so. Suka ce a kira su "Black", wato baƙi kai tsaye. Da, in an ce wa mutum haka, zagi ne. Su kuwa suka ce launin jikinsu ba abin kunya ba ne. A watan Disamba na 1988 Jesse Jackson da wasu shugabanni suka nemi a riƙa cewa "African American", wato Ba'amurke ɗan asalin Afirka. Dalilinsu shi ne sauran al'ummun ƙasar da ƙasar kakanninsu ake kiran su, su kaɗai ake kira da launi. A 2016 shugaba Barack Obama ya sa hannu a wata doka da ta cire "Negro" daga wasu tsofaffin dokokin ƙasa. A 2020 manyan kafofin labarai suka fara rubuta "Black" da babban harafi.

Akwai kuma wata kalma mummuna da ta fito daga tushe ɗaya da "Negro". Ita ce zagin da masu bulala da masu rataye mutane ke faɗi. Ba zan rubuta ta a nan ba. In ka ji ta a waƙa ko a fim, kada ka ɗauke ta ka kira wani da ita.

Ka san Muhammad Ali, ɗan dambe. Sunansa na haihuwa Cassius Clay. A 1964 ya bar wannan suna, ya ce suna ne da aka gada daga masu bayi. Jaridu da yawa suka yi shekaru suna ci gaba da rubuta Clay. A watan Fabrairu na 1967 ya kara da Ernie Terrell, wanda ya yi ta kiran shi Clay kafin wasan. Ali ya yi ta dukan shi har turmi 15, yana tambayar shi: mene ne sunana? Ban ce duka ne maganin raini ba. Amma Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya riƙe sunanka ya riƙe linzaminka.

Masu cewa sauya suna ba ya sauya kome

Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, domin su ma suna da hujja. Na farko suna cewa: an sauya suna sau huɗu, shin talaka baƙar fata ya ƙoshi? Suna cewa mai mulki ya fi son gardamar kalma, domin kalma ba ta cin kuɗinsa.

Akwai gaskiya a nan, kuma ƙasar Afirka ta Kudu ce shaida. Daga 1948 zuwa 1994 farar fata suka yi mulkin wariya a can. Akwai wata ma'aikata da ke kula da baƙar fata. Da farko sunanta ma'aikatar al'amuran "Native", wato ƴan ƙasa. Da wannan suna ya yi wari, a 1958 aka sa mata sunan "Bantu". A 1978 aka sake mata suna, aka ce ma'aikatar hulɗa tsakanin al'ummu. A 1979 aka mai da ita ma'aikatar haɗin kai da ci gaba. Ka ji suna mai daɗi. Amma duk tsawon wannan lokaci, baƙar fata ba ya yawo a birni sai da takardar izini a aljihu. In ba shi da ita, sai kaso. A kan wannan takarda ce ƴan sanda suka harbe mutum 69 a Shafbil ran 21 ga Maris 1960. Sai a 1986 aka soke dokar takardar.

Gwamnatin nan ta keɓe wa baƙar fata kashi 13 cikin 100 na ƙasar, alhali su ne mafi yawa. Ta sa wa yankunan suna "homeland", wato ƙasar haihuwa. Aka kwashi miliyoyin mutane da ƙarfi cikin manyan motoci, aka zubar da su a can. Da yawa cikinsu ba su taɓa ganin wurin ba, balle a ce can aka haife su. Wariyar kanta aka daina kiran ta wariya, aka ce kowa ya ci gaba a gefensa.

Ka ga ke nan kalma mai taushi tana iya zama bargon da ake rufe ɓarna da shi. Wanda ya maimaita irin wannan kalma ba tare da tunani ba, ya taya mai zalunci ɓoye aikinsa, ko da bai yi niyya ba. A nan, mai gaskiya shi ne wanda ya ce wariya wariya ce, kora kora ce.

Amma lura da bambanci guda. A Afirka ta Kudu, mai mulki ne ya zaɓi sunan domin ya wanke kansa. A Alabama da Memfis, wanda ake kira ne ya zaɓi sunan domin ya miƙe tsaye. Kafin ka yarda da sabuwar kalma, tambayi kanka daga bakin wa ta fito, kuma wa take amfana.

Masu cewa abin ya yi yawa

Masu ja na biyu suna cewa: kalmar da ke daidai bana, baɗi laifi ce. Mutum yana tsoron buɗe baki. Masu ilimin boko sun mai da abin sandar dukan wanda bai yi karatu ba.

Nan ma akwai gaskiya. Ga misali. Wajen shekara 100 da suka wuce, likitocin Amurka suna da kalmomi uku na kiran mutanen da hankalinsu bai kai na tsaransu ba. Kalmomin likita ne, a takarda ake rubuta su. Jama'a suka ɗauke su suka mai da su zagi, kamar a ce wawa ko dolo. Sai aka kawo wata sabuwa mai nufin wanda ya yi jinkiri, domin a tausasa. Ba a daɗe ba ita ma ta zama zagi a bakin yara. A 2010 aka yi doka aka cire ta daga dokokin ƙasa, aka kawo wata.

Me ya sa haka ke faruwa? Domin rainin yana cikin zuciya. In ka zuba nono a sabuwar ƙwarya da hannu mai dauɗa, sabuwar ma za ta ɓaci. Muddin ana raina mutane, duk sunan da aka ba su zai ɗauki rainin. Amma wannan ba dalili ba ne na ci gaba da sha a ƙwarya mai dauɗa. Dalili ne na wanke hannu tare da ƙwaryar.

Kuma su waɗanda ake kira ba bakinsu ɗaya ba. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2000, mutum fiye da 56,000 suka rubuta "Negro" da hannunsu a takarda. A zamanin ƙuruciyar tsofaffinsu, ita ce kalmar mutunci, da ita Martin Luther King yake jawabi. Wa zai ce musu sun yi laifi? A 2021 cibiyar Gallup ta tambayi baƙar fatar Amurka wanne suka fi so tsakanin "Black" da "African American". Fiye da rabi suka ce duk ɗaya ne a wajensu.

Ga kuma labarin makafi. Wasu masu son alheri sun ce kalmar makaho ta yi kaushi a Ingilishi. Suka ƙago wasu dogayen maganganu na kewaye-kewaye domin kada a faɗe ta. A 1993 babbar ƙungiyar makafin Amurka ta yi taro ta ƙi wannan. Suka ce makanta ba abin kunya ba ce, a kira su makafi. A ganinsu, mai kewaye-kewaye shi ne ke nuna akwai abin ɓoyewa. Masu son alherin nan sun manta abu ɗaya: ba su tambayi masu abin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da sandar duka kuwa, ni malami ne, na san yadda gyara ke zama wulaƙanci. Akwai mai gyara maka kalma domin ka gane, akwai mai gyara maka domin jama'a su ga ya fi ka. Na biyun ya faɗa cikin laifin da yake hanawa. Tsohon da ya faɗi tsohuwar kalma da zuciya ɗaya, a ja shi gefe a gaya masa cikin ladabi. Wanda aka gaya wa sau uku ya ƙi, kamar lauyan nan na Alabama, shi ne mai raini.

To, yaya za a zaɓa?

Ɗan uwa, ba ni da jerin kalmomin da zan ba ka ka haddace. Ko na ba ka, shekaru za su tsufar da su. Abin da na samu cikin labaran nan tambayoyi biyu ne.

Ta farko: da mutumin yana zaune a gabanka, za ka iya kiran shi da wannan kalma ka dube shi ido da ido? In ba ka sani ba, tambaye shi. Tambaya ba ta rage girman kowa. In ya gaya maka sunan da yake so, kira shi da shi, ko da bakinka bai saba ba. Kai ɗan wahalar harshe kawai za ka sha, shi kuwa da sunan yake kwana yake tashi.

Ta biyu: kalmar nan gaskiya take faɗi, ko rufe ta take yi? Ladabi na mutum ne. Aikin zalunci ba shi da haƙƙin a saka masa riga mai kyau. Shi ya sa malaman tarihi da yawa masu rubutu da Ingilishi suka rage cewa bawa, suna cewa mutumin da aka bautar. Maganar ta fi tsawo, amma tana tuna maka cewa mutum ne, kuma akwai wanda ya yi masa haka.

In kalma ta tsallake tambayoyin nan biyu, yi amfani da ita. Amma kada ka ɗauka ka gama. Ma'aikatan Memfis ba su ajiye allunansu ba sai da aka sa hannu a takardar albashi. Wanda ya daina ce wa mai aikinsa boyi, amma yana riƙe masa kuɗin wata, rabin bashi ma bai biya ba.

Wataƙila ka ce: ni ba na jin Ingilishi, ina ruwana? Ɗanka da ke zuwa cin rani Legas ko Kumasi yana ji, yana kuma kwaso kalmomi a tasha da waya bai san nauyinsu ba. Ban da haka, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kaina na daɗe ina cewa ina koyar da jahilai. Alhali a ajina akwai mai karanta ajami, akwai ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin gari, akwai wanda ya san irin geron da ya dace da kowace gona. Abin da ba su sani ba shi ne haruffan boko. Yanzu ɗalibai nake cewa. Da na yi wa kalmar jahili tambayoyin nan biyu, ta faɗi duka.

Shi kuwa dattijon nan, mako na gaba na tambaye shi: "Baba, da me kake so a kira aikin da ka yi?" Ya ce: "Kuku. Ni kuku ne, ita ce sana'ata." Na gaya masa ita ma daga Ingilishi ta zo, ma'anarta mai dafa abinci. Ya ce ya yarda da wannan, domin ta faɗi abin da hannunsa ya iya. Ya ɗauki alli ya rubuta kuku a allonsa, haruffa huɗu. A gabanta ya rubuta sunansa, da babban harafi.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa Mary Hamilton ta yarda ta kwana a kaso? Da kai ne, za ka yi haka?
2. Mene ne bambancin sauya suna a Memfis da sauya suna a Afirka ta Kudu?
3. A garinku, akwai mutanen da ake kira da sunan da ba su so? An taɓa tambayar su?
4. In dattijo ya faɗi kalmar da ba ta dace ba, yaya za ka gyara masa?

Ku tattauna, ku rubuto mana abin da kuka gani da hannunku. Sai fitowa ta gaba. Allah ya ba mu alheri.